Wa Ya Gaya Masa Murfin Ya Cije?

Da yawanku kun sha rubuto mini cewa in daina wahalar da bawan Allah, in ba shi amsa ya huta. Na ji, ban kuma yi fushi ba. Amma ku ɗan saurari abin da ya faru a gidanmu ranar Asabar tukuna.

Ga wanda yau ya fara bina a shafin nan: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har a asibitin idon da nake zama a teburin karɓar mutane. Wanda ke nemana shago ne da shi a bakin babban titi, yana gyaran waya yana sayar da kayan lantarki. Yayata ce ta fara ce masa Injiniya da wasa, sunan ya bi shi. Mutum ne mai sanyin murya. Ban taɓa jin ya ɗaga harshe ba, ko ranar da mai babur ya goge masa mota a gabana. Idan zai gaishe da Umma har ƙasa yake kaiwa. Tun da ya fara zuwa gidanmu babu famfon da ya sake ɗiga, babu ƙwan fitilar da ya kwana a mace.

"Irin wannan ba a tsintarsa sau biyu," haka Umma ke cewa kullum.

Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, ba ta iya kwana-kwana ba. "Auta, jan aji ma igiya ce. Ki ci gaba da ja, za ki ga guntunta a hannunki."

Ni kaina da za a tsare ni a ce in faɗi laifinsa, ba ni da ko ɗaya. Abin da na sani kawai, duk ranar da ya zo hira ya tafi, sai in ji na sauke numfashi kamar wadda aka sauke wa kaya daga ka. Wannan kuwa ba hujjar da za ki kai gaban uwa ba ce.

Baba direban babbar mota ne, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. Da ya dawo wannan karon ya ce a gayyato yaron nan cin abincin rana, yana so su zauna. Kowa a gidan ya san ma'anar zaman. Tun da safe Umma ta sa aka canza labulen falo, aka fito da farantan nan masu bakin zinariya da ba a taɓawa sai an yi baƙo. Yaya ta zo daga gidanta da jaririnta. Gwaggo ta zo ba a kira ta ba. Ni aka bar wa kicin, wai ya ci girkin hannuna. Rigar da zan sa tana rataye a bayan ƙofar ɗakina, doguwa ruwan ganye mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi ruwan madara da Umma ta goge da kanta.

Kicin ɗinmu ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Taga ɗaya gare shi, tana kallon katangar maƙwabta, tsakaninsu ko kyanwa da ƙyar take wucewa. A kan kanta, kusa da wurin wanke-wanke, injin markaɗen da Injiniya ya kawo wa Umma kyauta yake zaune. Babban kwano ne da shi na roba garai-garai, da wuƙaƙe biyu a ciki, yana yanka, yana markaɗe, har fulawa yana kwaɓawa. Murfinsa juya shi ake yi ya shiga wata 'yar kafa a jikin mariƙi ya ce ƙas. In bai ce ba, injin ba zai tashi ba. Wayata na ajiye a saman firji. Ita ma shi ya ba ni, lokacin da tsohuwar ta faɗa bokiti.

Na tafasa tumatir da tattasai da albasa, don sauri na juye su cikin kwanon da zafinsu, na rufe, na markaɗa. Ina kashewa Yaya ta kira ni in riƙe mata yaro ta watsa ruwa. Kafin in dawo markaɗen ya huce. Na kama murfin zan juya, ya ƙi.

Na sake gwadawa. Ko gezau. Na goge hannuna, na sa tsumma, na rungume gindin injin da hannu ɗaya na murɗa da ɗayan har yatsuna suka yi ja. Na ce to bari in ɗauke kwanon gaba ɗaya, shi ma ya ƙi, ashe muddin murfin na kulle kwanon ba ya fita. Ga mai ya yi zafi a tukunya, ga soyayyen nama a gefe, ga kayan miyata a kulle ina kallonsu ta cikin roba.

Ina da wani hali, in ina aiki ni kaɗai hira nake yi da kaya. Na ƙwanƙwasa murfin da bayan cokali na ce, "Yau ka ga damar yi mini haka? To ko ka buɗe, ko in sa wuƙa in ɓanɓare ka."

Na jawo durowa na ɗauko wuƙar. Ban kai ga sa bakinta ƙarƙashin murfin ba wayar ta yi ƙara a saman firji. Saƙonsa ne.

"Gimbiya, kada ki sa masa wuƙa, za ki fasa bakin kwanon ko ki ji wa kanki ciwo. Abu mai zafi kika zuba, ya tsotse iska. Ki fara zare shi daga soket."

Na karanta, har da murmushina. Wallahi murmushi na yi, na zare soket ɗin kamar yadda ya ce. Sai da na juyo na ga wuƙar a hannuna, sannan na tuna babu wanda na gaya wa zan ɗauko ta.

Na leƙa taga. Katanga ce kawai da tsohuwar igiyar shanya. Na leƙa tsakar gida, babu kowa sai kujerar roba da takalman Baba.

Na same su a ɗakin Umma. Gwaggo na kishingiɗe tana ɓare lemo, Umma na gaban madubi tana ɗaura ɗankwali.

"Umma, ke kika gaya masa murfin injin ya cije?"

"Ya cije? Yanzu nake ji a bakinki. Ba ki ɗora miyar ba ke nan?"

"Gwaggo fa?"

"Ni ko lambarsa an ba ni? Kun mayar da ni bare. Me ya faru?"

Na miƙa wa Gwaggo wayar. Ta nisanta ta da idonta, ta karanta tana motsa baki, sai ta kwashe da dariya. "Ke dai ba ki san so ba. Uban 'ya'yana, Allah ya jiƙansa, in na yi tuntuɓe a kasuwa a ƙafarsa yake ji."

Umma ba ta ko juyo ba. "Mai abu ya san ciwon abinsa. Ya san yau ke ce da girki, ya san halin injin, ya san gaggawarki. Je ki ƙarasa, rana na yi."

Na koma kicin. Maganar Umma ta kusa zauna mini. Ya san halin injin, na yarda. Ya san gaggawata, na yarda. To wuƙar fa?

Ina tsaye gaban injin wasu abubuwa suka riƙa dawo mini. Ranar da na wuni ina tari a ɗakina ban gaya wa kowa ba, da yamma ya zo da zuma da lemon tsami. Ranar da na ce wa wata ƙawata a wurin aiki takalmina ya fara cin ƙafata, ya kawo sabo daidai ni. Har na ba ku labarin takalmin a nan, kuka cika ni da "Allah ya ba mu irinsa". Sai kuma wani ma'aikacin ɗakin gwaji a asibitinmu, wanda ya taɓa rage mini hanya ranar da aka yi ruwa, muna tafe yana ba ni dariya. Ba a daɗe ba ya daina gaishe ni. In ya hango ni a baranda sai ya canza hanya. Na tare shi na tambaye shi ko na yi masa laifi. Ya ce, "Babu komai, ni dai ina da iyali." Yana faɗa idonsa na kan wayar da ke hannuna. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Na mayar da wayar saman firji, daidai inda take. Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba. Na ɗauki wuƙar na sake ta ta faɗi ƙasa da ƙara, na ja iska ta tsakanin haƙora, na ce a hankali, yadda na cikin ɗaki ba za su ji ba: "Wayyo, na yanke. Babban yatsa kuwa. Jinin nan da yawa yake." Na buɗe famfo na bar ruwa yana zuba.

Na tsaya ina kallon wayar. Shiru. Na ƙara jira. Shiru.

Na ji kunyar kaina ta kama ni. Na ce a zuciyata, Auta, yanzu don mutum ya damu da ke sai ki mayar da shi ɓarawo? Na koma kan murfin. Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na naɗe shi, na ɗiga mai a zagayen bakinsa, na bubbuga ta nan, na bubbuga ta can. Yana nan yadda yake. A ƙarshe na haƙura, na yanka wani tumatir ɗin da hannu na haɗa miyar a haka, na bar wancan a kulle.

Ina sa kwalli na ji sallamarsa.

Farar riga ce a jikinsa mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, da baƙin agogo, da ledar ayaba da kankana da ya miƙa wa Umma da hannu biyu. Ya zauna a ƙasa kan kafet, sai da Baba ya matsa masa ya hau kujera. Na shigo da tire na durƙusa na ajiye, na gaishe shi. Ya amsa, amma ba fuskata yake kallo ba. Hannuwana yake kallo. Na dama tukuna, sannan na hagu.

A kan gwiwarsa, ƙarƙashin tafin hannunsa, akwai wata 'yar farar leda ta kantin magani. Ta cikinta na hango kwalin filasta, da auduga, da ƙaramar kwalbar wanke ciwo.

Idon Gwaggo ba ya barin komai ya wuce. "Wannan kuma na wane ne? Wa ba shi da lafiya?"

"Na mota ne, Gwaggo. Ina ajiyewa saboda tsautsayi." Ya naɗe ledar ya tura aljihu.

Na ɗaga hannuwana biyu na gyara mayafina a hankali, yatsuna duka a buɗe. Sai a nan ya ɗago muka haɗa ido. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuyar da kai ya yi wani ɗan murmushi shi kaɗai.

"Injiniya, injinka ya yi mana yaji yau," in ji Umma.

"Bari in duba shi, Umma, kafin a zuba abinci."

"Zauna ka ci tukuna," Baba ya ce.

"Ba abin ɗaukar lokaci ba ne, Baba."

"Auta, raka shi ki nuna masa."

Na tsaya a bakin ƙofar kicin, shi ya shiga. Muna jiyo muryar Gwaggo daga falo tana ba Baba labarin farashin kifi. Ya naɗe hannun rigarsa tsaf, ya dubi jiƙaƙƙen tawul ɗin da man da na ɗiga.

"Kin yi ƙoƙari," ya ce. "Amma ba ta gefe ake yi masa ƙarfi ba." Ya zare 'yar robar nan da ake tura kaya da ita ta saman murfin, na ji iska ta shiga. Ya ɗora tafin hannunsa a kai ya danna da nauyin jikinsa har robar ta yi ƙara. "Ta sama ake danne shi. In ya ji ba shi da wurin motsi, da kansa yake saki."

Ya juya. Ƙas. Ya ɗaga murfin ya kife shi a kan kanta, warin albasa ya cika kicin ɗin.

"Mu ga yatsan."

"Wane yatsa?"

"Gimbiya."

"Ni ban ce maka na yanke ba."

"Ba ki ce mini ba." Ya buɗe famfo yana wanke hannu, yatsa bayan yatsa. "Na baro shago a buɗe. Na shiga kantin magani jikina na rawa, har mai kantin yana tambayata ko haɗari aka yi. Ashe wasa kike yi da ni."

Na dube shi cikin ido. "Ta wayar nan kake saurarena."

Na so ya musa. Ku yarda da ni, da ya yi rantsuwa ya ce ƙarya nake masa, da na fi samun sauƙi. Bai musa ba. Ya ɗauki tawul ya goge hannunsa.

"Duniyar nan ba ta da kyau. Kina fita aiki, kina shiga motar mutane. Dole a samu wanda ya san halin da kike ciki. Yau da a ce da gaske kika yanke, wa zai fara zuwa? Suna ɗaki ko ji ba su yi ba."

"Zan gaya wa Baba."

"Ki gaya masa. Ki ce masa na zo da filasta, zai ji daɗi." Ya sauke hannun rigarsa yana sa maɓalli. Muryarsa ba ta canza ba ko kaɗan, irin wadda yake gaishe da Umma da ita ce. "Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki sake gwada ni. Ba na son mutumin da nake komawa in an gwada ni."

Ya ɗauki kwanon markaɗen, na matsa na ba shi hanya, ya fita da shi falo yana nuna wa Umma. Na ji Gwaggo na cewa, "Ka ga hannu mai albarka."

Ban iya cin abincin nan ba. Ina zaune bayan labule da faranti a cinya ina jin dariyar Baba, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya yaba miyar, Injiniya ya ce ai bai taɓa cin irinta ba. Can na ji Baba ya gyara murya ya ce, "To, ni ban ga abin jira ba. Ka turo manyanka ƙarshen wata."

Bayan ya tafi na bar wayar a ɗaki na samu Umma tana jera farantan nan a kabad.

"Umma, ina da magana."

"In dai ta a ƙara miki lokaci ce, na gaji da ita."

"Ya sa wani abu a wayata. Duk abin da na faɗa yana ji."

Ta juyo da faranti a hannu ta dube ni sama da ƙasa. "To me kike faɗa da ba kya so a ji?"

Ta ci gaba da jera farantanta tana cewa wasu na kuka da mijin da bai san suna raye ba, ni kuma ina kuka da wanda ya damu da yatsana.

Na ɗauko wayar na kai ta sito, na tura ta can cikin buhun shinkafa har gwiwar hannuna, na ja ƙofa. Sannan na jawo Yaya ɗakina na sa sakata. Ta zauna a bakin gado tana shayar da yaron, ni na durƙusa a gabanta na gaya mata komai cikin raɗa: wuƙar, filastar, ma'aikacin ɗakin gwaji, maganar da ya yi mini a kicin, har inda na binne wayar. Ina faɗa hawaye na zuba a kan rigar nan mai duwatsu da ko cirewa ban yi ba.

Yaya ba ta katse ni ba. Da na gama ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta.

"Na yarda da ke," ta ce. "Na ga ledar nan, na kuma ga irin kallon da ya yi wa hannunki. Share hawayenki. Ranar Litinin in kin tashi daga aiki kada ki dawo nan, ki wuce gidana da wayar. Baban yaron nan ya san wani da zai buɗe ta ya ga abin da ke ciki. In muka je wa Baba da abu a hannu, dole ya saurara. Kafin nan ki saki fuska, kada kowa ya gane."

Na kifa kaina a gwiwarta. Tun safe sai yanzu na ji ƙafata ta taka ƙasa.

Wayarta da ke kan filo ta yi haske. Ta miƙa hannu ɗaya ta ɗauko, sai na lura fuskar wayar sabuwa ce fil. Na san ta da tsagewa tun daga sama har ƙasa.

"Yaya, wa ya gyara miki?"

"Shi mana, kwanakin baya. Ya haɗa da ta Umma da ke cin caji. Yau ma Baba ya ba shi tasa ya..."

Ta tsaya. Idonta na kan saƙon da ya shigo. Ta ƙara rungume yaron a ƙirjinta, ta juyo mini da wayar.

"Yaya, barka da yamma. Don Allah ki ce wa Gimbiya ta ciro wayarta daga cikin shinkafa. Kuma ta daina kuka, ba na son jin kukanta. Litinin ba sai ta sha wahalar neman mota ba, da kaina zan ɗauko ta daga aiki in kawo ta gidanki."

Yau ce Litinin ɗin. Da kwamfutar wurin aiki nake rubuto muku wannan, wayar na cikin jaka a ƙarƙashin tebur, na naɗe ta da mayafi. Mutanen da ke layi sun ƙare, mai shara ta fara jan kujeru. Ƙofar asibitinmu ta gilashi ce, daga inda nake zaune ana ganin titi. Tun bayan azahar motarsa ke tsaye a tsallake, a inuwar wata bishiya. Yanzun nan ya buɗe ƙofa ya fito, yana gyara hannun rigarsa.